Allon da Ya Dace da Matsakaicin Mahayi

A Tarifa, kudancin Sifen, inda iskar Levante ke kaɗawa da ƙarfi, ana wasan da lemar iska ke jan mutum bisa allo a kan teku; kuma a ra'ayina, wanda ya wuce almajiranci amma bai kai gwaninta ba, bai kamata ya gaggauta sayen ƙaramin allo don riya ba, domin nauyinsa da iskar wurinsa su ne mizani. Mai kilo 75, allo mai baki biyu mai tsawon santimita 136 zuwa 138 ya wadace shi. Idan kuwa iskar mai rauni ce, sai ya ƙara faɗin allon, wanda galibi ake gafala da shi, alhali shi ke ɗaga mahayi bisa ruwa tun iska ba ta cika ba.