Daura na buƙatar masu karanta ƙwayar halitta

Idan ƙafar yaro ta shanye farat ɗaya a Daura ko Zango ko Mai'aduwa, sai an ɗebi bayan gidansa an sa a ƙanƙara, an kai ɗakin gwajin Ibadan ko Maiduguri, kafin a san ko shan inna ce. Kafin sakamako ya dawo, ƙwayar cutar tana iya ƙetare Kongolam ta shiga Nijar. Alhali tun 2014 kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ya fito da MinION, na'urar karanta ƙwayar halitta da ba ta wuce tafin hannu ba, ana jona ta da kwamfuta. Aikinta abin mamaki ne: ana zura zaren DNA ta wani ɗan ramin furotin da lantarki ke ratsawa, ƙarfin lantarkin yana hawa da sauka gwargwadon haruffan da ke wucewa, A, C, G ko T. Siginar takan zo cike da hayaniya, sai manhaja ta tace ta, ta fitar da haruffan. A 2015 da wannan na'urar aka bi sawun Ebola a Gini. Gaskiya ne an tabbatar Afirka ta rabu da shan inna ta daji a Agustan 2020, amma nau'in da ya rikiɗe daga na rigakafi bai bar Arewa ba. Ni a ganina, sayen na'urar shi ne mai sauƙi. Masu fassara siginar ne muke da ƙarancinsu. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su haɗa ɗaliban lantarki da na ilimin halittu a aji ɗaya, gwamnatin Katsina ta ɗauki nauyinsu.