Jami'ar Maraɗi ta ƙwanƙwasa ƙofar Intel, amma da tambayar manomin Agiye a hannu

A watan Maris na 2018 kamfanin Intel na Amurka ya kafa wata ƙungiyar bincike da ake taƙaita sunanta da INRC, ya gayyaci jami'o'i da cibiyoyin gwamnati da kamfanoni su gwada wani sabon cif nasa mai suna Loihi, wanda aka ƙera don ya kwaikwayi yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Zuwa 2024 mambobinta sun haura 200. Ra'ayin wannan jarida shi ne Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ta nemi kujera a cikinta, kuma hujjarmu tana can gonakin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji.

Kwamfutar da muka saba da ita ba ta hutawa. Ko akwai aiki ko babu, agogon cikinta na bugawa, tana ta jigilar bayanai tsakanin ma'ajiya da wurin lissafi, kuma a wannan kai da kawo wuta mai yawa ke ƙonewa. Cif mai kwaikwayon ƙwaƙwalwa kuwa kamar karen da ke kwance gindin rumbu yake: ba ya ko ɗaga kai sai ya ji motsi. Ƙwayoyin jijiyarsa na roba suna aika ɗan saƙo ne kawai idan wani abu ya sauya, kuma kowace na riƙe da abin da ta koya a kusa da ita. Carver Mead na Caltech ne ya share wannan hanya a ƙarshen shekarun 1980. A 2014 IBM ya fito da TrueNorth mai ƙwayoyi miliyan 1, wanda wutar da yake ci ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba. A 2024 Intel ya haɗa cif 1,152 na Loihi 2 a na'urar Hala Point, ƙwayoyi biliyan 1.15, da wutar da ba ta wuce wat 2,600 ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam, mai ƙwayoyi kusan biliyan 86, wat 20 ke isarta. Da sauran tafiya ke nan.

Mutanen yankin nan ba sai an karanta musu darajar wuta ba. Layin Nigelec mai ɗauko lantarki daga Katsina a Gazawa yake sauka kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, amma ƙauyuka nawa ne ke kallon wayoyin suna wucewa bisa kansu alhali da tocila suke kwana? Da Najeriya ta katse wutar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har masu mita a gida suka koma bin masu cajin waya da farantin sola. Na'urar da za ta yi tunani da ɗan batir, a tsakiyar gona, ba intanet, ta fi amfani a Cadawa fiye da a Kaliforniya.

Ga misalin da muke so malamanmu su kai. Murzuna, tsutsar nan mai bin zangarniyar hatsi tana yi mata zane kamar an naɗa igiya, takan cinye rabo mai tsoka na amfanin shekara. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, da na jami'ar Maraɗi, irin su Farfesa Ibrahim Bawa, sun daɗe suna yaƙarta da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai kashe tsutsar. Ana zuba shi cikin ƙananan buhunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataya a bakin gona ko jikin rumbu, 'ya'yan su fito ta ramukan buhun su bazu. Dabarar ta ci, amma lokaci ne ranta: a saki da wuri zanzaron ya rasa abinci, a makara kuma zangarniya ta riga ta tafi. Uwar tsutsar da dare take tashi. Akwai kyamarori masu tsarin kwaikwayon ƙwaƙwalwa, waɗanda abin da ya motsa kaɗai suke gani, kamfanin Prophesee na Faransa ma na sayar da su. Shin za a iya ɗaura irinta a sanda kusa da fitilar tarko, ta ƙirga masu tashi, ta rabe murzuna da sauran ƙwarin damina, ta aika saƙon waya ga kwamitin ƙauye? Bincike ne zai ba da amsa, kuma babu wanda zai yi shi a madadinmu, domin murzuna ba matsalar Amurka ba ce.

Haka batun wari. A 2020 masu binciken Intel da na Jami'ar Cornell sun nuna Loihi na iya koyon warin sinadarai goma masu haɗari. Mai ajiyar wake ko aya a Agiye zai so hancin da zai sanar da shi buhu ya fara lalacewa tun bai kwance ba.

Sai dai a shiga da ido buɗe. Intel ba sadaka yake yi ba. Yana ba da dama ne don masu ilimi su nemo wa hajarsa amfani, kuma yawancin mambobi ba sa taɓa cif ɗin da hannu, ta intanet suke aika aiki zuwa na'urorin da ke can. Akwai yarjejeniyar da ake sa wa hannu, to lauyan jami'a ya karanta ta layi-layi. Hotuna da sautukan da za a tara a gonakin Ɗan Saga ko Cadakori dukiyar ƙasa ce, a rubuta haka tun farko. Sannan kamfani na da ranar wadata da ranar tsuke baki: a watan Agusta na 2024 Intel ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 15,000, kuma a 2022 ya rufe sashen ma'ajiyar bayanai na Optane bayan shekaru yana yabonsa. Saboda haka ɗalibanmu su koyi ilimin kansa, wanda zai yi musu aiki a kan SpiNNaker ta Jami'ar Manchester ko duk wata na'ura da za ta zo gobe. Kuma a kowane gwaji a ajiye ɗan cif na yau da kullum mai araha a gefe. In shi ya fi, a faɗa ba kunya.

Mun san za a ce ƙasar da ke fama da ƙarancin cimaka da azuzuwan zana ina ruwanta da ƙwaƙwalwar roba. Maganar na da nauyi, shi ya sa ba mu ce a gina bene ko a sayo motoci ba. Abin da ake bukata malami ɗaya ne mai cikakken muƙami da zai rubuta takardar neman shiga, ɗalibai uku ko huɗu masu kan lissafi, intanet mai tsayawa da farantin sola a ɗaki guda. Manhajar Lava da Intel ya saki a 2021 kyauta ce, kuma tana gudana a kwamfutar tebur. Agiye kuma ba baƙuwar aiki da masu bincike ba ce. Kwamitocin ƙauye da suka tsare sassaben zamani a Ɗan Saga, maza da mata, har gawo da kalgo suka sake cika gonaki, su ne za su tsare na'urar da aka ɗaura a sanda, muddin an zauna da su tun kafin a rubuta takardar.

Kuma ba sai an jira amsar Intel ba. Na'ura ba ta koyo sai da misalai, misalan kuwa sau ɗaya suke zuwa a shekara, lokacin da hatsi ya fara fidda kai. Sashen aikin gona da na kimiyya na jami'ar su haɗa kai da tashar INRAN ta Tarna, su zaɓi ƙauye ɗaya a kowace gunduma cikin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, su ɗauki bidiyon tarkunan dare a daminar bana, masanin ƙwari ya zauna ya sa wa kowane ƙwaro sunansa. Kuɗin wannan kuwa hukumomin jihar Maraɗi su sa shi cikin kasafinsu.