Kwalba ɗaya a madadin buhun taki? Mu yi lissafi tukuna

Jama'a, tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 takin zamani ya koma sai mai hali, daga Wad Madani har Damazin. Mai neman sauƙi kuwa komai aka tallata masa zai saurara. Shi ya sa nake so mu san takin da ake kira "nano" tun kafin ya cika kasuwanninmu da tambarinsa na "ba ya cutar da muhalli".

Kamfanin IFFCO na Indiya ne ya fito da shi a 2021. Yuriya ce ta ruwa da ake fesawa a ganye, ƙwayoyinta ƙanana ƙwarai, silin gashi ya fi su kauri sau dubu. Suka ce kwalbar rabin lita tana maye gurbin buhu mai kilo 45. To, buhun nan yana ɗauke da naitirojin, abincin shuka, kusan kilo 20. Kwalbar kuwa giram 20 kacal. Ko ganye ya shanye duka, ina alkama za ta samo sauran? Daga ƙasar hawasha za ta zuƙe shi, bana da baɗi, har ƙasar ta gaji. Masana a jami'ar Kopenhagen sun yi wannan tambayar a 2023. Jami'ar noma ta Punjab ma ta gwada a gona, ta ga amfanin alkama da shinkafa ya ragu. Abin da ke tsotse ƙasa, wa ya naɗa shi abokin muhalli?

Ban ce yuriyar buhu ba ta da laifi ba. Da yawanta iska da ruwa ke kwashewa.

Amma mu a Jazira mun taɓa jin irin wannan daɗin bakin. Haka DDT ya shigo gonakin auduga da sunan ci gaba, daga baya aka hana shi, kuma wa bai san maƙabartar magungunan ƙwari ta Hasahisa ba? Abin da aka fesa a gona, tur'a yake gangarawa, inda yara ke wanka, mata ke ɗibar ruwan sha. Ƙaramar ƙwaya tana ratsa inda babba ba ta iyawa, don haka ita ta fi bukatar bincike.

Hukumar binciken noma tana nan a Wad Madani. Ta gwada shi a baƙar ƙasarmu, shekara biyu ko uku, ta auna amfani da ƙasa da ruwan tur'a, ta faɗa mana da Larabci da Hausa, kafin wani manomi a Mai Wurno ya sayar da akuyarsa ya sayi kwalba.