Ginin da ya kewaye rana: me zai riƙe ƙafar mazaunansa?

Jama'a, yaranmu masu kallon finafinan ƙagen kimiyya sun saba ganin wani katafaren gini da ya lulluɓe tauraro, mutane na yawo a cikinsa hankali kwance. Wasu iyaye na cewa shirme ne, a kashe kawai. Ni ina ganin a bar su su kalla, amma a jefa musu tambaya ɗaya: me ke riƙe ƙafar mutanen nan a ƙasa?

Masanin lissafi Freeman Dyson ne ya shahara da wannan tunanin. A 1960 ya ce al'ummar da ta yi nisa a fasaha za ta iya kewaye tauraronta don ta kwashe haskensa duka. Shi tarin na'urori masu shawagi yake nufi. Marubuta ne suka mai da shi ƙwallo rufaffe kamar ƙwarya biyu a kife, kuma a nan suka yi wa mai kallo wayo. Tun zamanin Newton aka san cewa ƙwallo mai rami ba ya jan abin da ke cikinsa, domin jan kowane ɓangare yana kashe na kishiyarsa. Wanda ya tsaya a bangon ciki, rana ce kaɗai za ta riƙa jansa, a hankali ya zarce cikin wuta.

Dabarar da ta rage ita ce juyi. Duk wanda ya taɓa wulwula bokitin ruwa sama da kansa ya ga ruwan bai zube ba. Amma idan aka juya ƙwallo, a ƙugunsa ne kawai nauyi zai cika, can wajen kai da gindi babu komai. Shi ya sa na fi ganin mutuncin Larry Niven, wanda a littafinsa Ringworld na 1970 ya yar da sauran ƙwallon ya bar zobe. Nisan zoben daga tauraro ya kai namu da rana, kusan kilomita miliyan 150. Don mutum ya ji nauyinsa kamar a nan duniya, sai zoben ya yi gudun kusan kilomita 1,200 a daƙiƙa ɗaya, wato ninki 40 na gudun duniya a zagayen rana. Cikin kwana 9 ya kammala zagaye. Iska kuma bangaye masu tsawon mil 1,000 ne suka tare ta a gefe da gefe. Babu ƙarfen da zai jure wannan ja bai tsinke ba, don haka Niven ya ƙirƙiro nasa, kuma bai ɓoye cewa ƙage ne ba.

Duk da haka bai tsira ba. A wani taron marubuta a 1971, ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka taso shi gaba cewa zoben ba zai zauna daidai ba: da ya ɗan goce daga tsakiya, gocewar za ta yi ta ƙaruwa har ya gogi tauraron. Da alƙalami da takarda suka kama marubucin. Bai yi musu gardama ba, sai ya sake wani littafin, The Ringworld Engineers, ya dasa wa gefen zoben injunan da ke mai da shi saiti.

Lissafin gudun nan bai fi ƙarfin ɗan ajin ƙarshe na sakandare ba. Idan ɗanka ya gama kallo, miƙa masa nisan rana, ka ce ya fitar maka da 1,200 ɗin da kansa.