HAƘORI ƊAYA YA ISA YA KWANTAR DA MAIGIDA

 

Yau a kan baki za mu yi magana, kuma zan faɗe ta ba kwana-kwana, ko da za ta ɗan sosa ran wasunmu masu harkar magani. Ra'ayina shi ne: kanumfari da habbatus sauda da ruwan gishiri suna da amfaninsu, amma haƙorin da ya riga ya ruɓe, maganinsa yana hannun likitan haƙori. Duk wanda ya ce maka akasin haka, lokacinka yake ci, wataƙila har da ranka.

Wani maƙwabcina a nan Gyadi-Gyadi, ɗan kasuwa ne mai iyali, turminsa na ƙasa ya yi kogo sama da shekara. Duk sanda ya motsa sai ya cusa kanumfari, ya aiki yaro kemis a haɗo masa magani. Ana nan sai ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, ya ce alhamdu lillahi an rabu da bukar. Bayan 'yan watanni, wata safiya ba mu gan shi a sallar asuba ba. Da muka shiga, haɓarsa ta kumbura har wuya, bakin ba ya buɗuwa, miyau na zuba, muryar ma ta sauya. Daga ƙofar gidansa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko a ƙafa tafiyar 'yan mintoci ce, amma shekara guda bai taɓa leƙawa ba sai da aka ɗauke shi ranga-ranga. Allah Ya yi da sauran kwana a gaba. Sai dai an tsaga an fitar da mugunya, an yi jinya, shago ya zauna a kulle, kuɗin da aka kashe ya ninka na cire haƙorin sau ba adadi.

*Me ya faru da shi?*

Ɗan uwa, babu wata tsutsa a cikin haƙori. Masu zagayawa suna nuna maka tsutsa a auduga, dabara ce kawai ta neman abinci. Abin da ke akwai ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna cin ragowar sukari da ya maƙale a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye haƙori har ya huje. Idan ramin ya kai ga jijiya, nan ne ake kwana ba barci. Idan jijiyar ta mutu, sai ciwon ya ɗauke. To ka ji inda mutane ke ruɗuwa: ɗaukewar ciwo ba warkewa ba ce, mai gadin ne ya mutu, ɓarayi kuma suna ciki. Daga nan mugunya ke taruwa a saiwar haƙori, ta nemi hanya. Ta turmin ƙasa takan gangara ƙarƙashin harshe da wuya, ta tura harshe sama ta toshe numfashi. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun 1836, har yau da sunansa ake kiransa. Ta haƙoran sama kuwa tana iya haurawa wajen ido, har ƙwaƙwalwa.

Kada ka ce wannan sai a ƙasar talakawa. A Amurka, a jihar Maryland, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Deamonte Driver ya rasu a watan Fabrairun 2007 saboda ruɓaɓɓen haƙorin da cutarsa ta haura ƙwaƙwalwa. Cire haƙorin bai wuce dala 80 ba a lokacin.

*Baki ƙofar jiki ne*

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar ba ta tsayawa a bakin.

Mai ciwon suga, saurara da kyau. Suga in ya hau yana raunana dasashi, dasashi in ya kumbura yana hana suga sauka. Kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi. Bincike ya nuna cewa yi wa mai suga maganin ciwon dasashi yana taimakawa wajen saukar da awon sugansa na wata uku. Kana shan magani, kana kiyaye abinci, amma suga ya ƙi daidaita? Je ka a duba bakinka.

Mai ciwon zuciya ma haka. Dasashi mai zubar jini ƙofa ce a buɗe, ƙwayoyin cutar baki suna bi ta nan su shiga jini. Wanda ƙofofin zuciyarsa suka taɓu, kamar yaran da ciwon maƙogwaro ya jawo musu ciwon zuciya, ƙwayoyin suna iya maƙalewa a wurin su haifar da ciwon da sai an yi makonni ana allurai a gadon asibiti.

Uwargida mai juna biyu, dasashi ya fi saurin kumbura da jini a wannan lokaci. Ba a hana mai ciki ganin likitan haƙori ba, ki dai sanar da shi watannin cikin. Barin mugunya a baki wata da watanni ya fi hatsari a kanki da abin da ke cikinki.

Tsohon da ke kwance yana jinya, in ba a goge masa baki, dattin yana iya bin miyau ya sauka huhu ya zama ciwon nimoniya. Wanda kuma turamensa suka zube, ba nama, ba ganye, ba 'ya'yan itace, sai koko da kunu, sai ka ga Baba yana ramewa ana ta neman dalili.

Sai magungunan kashe zafi. Mutum ya yi wata uku yana haɗiyar diclofenac da ibuprofen, wani lokaci cikinsa babu komai. Ƙarshenta ga gyambon ciki, ga ƙoda ta taɓu, haƙorin kuma yana nan yadda yake.

*Yaranmu*

Akwai cutar da ake kira noma, mai cinye kunci da leɓe da hanci. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu ƙarancin abinci mai gina jiki, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Da kumburin dasashi da jini da warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 ba sa rayuwa. In an kama ta da wuri kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci sun isa su tsayar da ita da yardar Allah. Saboda yawanta a Arewa aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Uwa, ki riƙa buɗe bakin ɗanki kina dubawa, musamman in ya tashi daga ciwo.

Wani abu kuma da iyaye da yawa ba su sani ba: a wajen shekara 6 turmin dindindin na farko yake fitowa can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Sai a ɗauka na yarinta ne, a ce ai zai famfare. Ba zai sake fitowa ba. Alawa da cingam da lemon kwalba na kuɗin tara su ne ke cinye shi.

*Ina matsayin asuwaki?*

 Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da asuwaki a kowace sallah. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa da shi yake farawa in ya shigo gida, kuma har a jinyarsa ta ƙarshe sai da ta tausasa masa asuwaki ya goge bakinsa. To mu da muke da'awar bin sunna, sau nawa muke yi a yini? Wasunmu sai ranar Juma'a, shi ma haƙoran gaba kawai.

Amma a fahimta: asuwaki riga-kafi ne. Yana hana datti taruwa, ba ya cike rami. Kanumfari yana da wani mai da ke kashe zafi, har likitocin haƙori suna amfani da shi a cikon wucin gadi, amma ba ya kai wa ga mugunyar da ke saiwa. Ka yi amfani da shi ka samu barcin daren yau, gobe da safe ka kama hanyar asibiti. Neman magani a inda yake shi ma bin umarnin addini ne.

*Abin da nake roƙon kowane gida*

A goge baki da makilin mai fuloraid sau 2 a rana, minti 2, musamman kafin barci, asuwaki kuma a kowace alwala, ta ciki da ta waje har turame. A riƙa yanke kan asuwakin in ya tsufa, buroshi a sauya duk wata 3, kowa da nasa. Yaro ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, babba ya goge masa.

A rage sukari. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sama da gram 30, ga na shayi, ga na koko.

A daina ɗora asfirin a kan dasashi, yana ƙone shi. Ruwan batir da fetur kuwa guba ne, ko kusa kada a yi. Gawayi da toka suna kankare fatar haƙori.

Wankin haƙori a asibiti ba ya sa haƙora girgiɗi. Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse ne yake cinye ƙashin da ke riƙe da su.

Idan aka ga kumburin fuska ko haɓa tare da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, ba a jiran gari ya waye. Haka gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, musamman ga mai shan taba, a kai a duba.

Mu mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku ba mu da uzurin nisa. Asibitin Malam yana da sashen haƙori, a nan ne ma Jami'ar Bayero ke horar da likitocin haƙori. Mutane suna tahowa daga ƙauyuka masu nisa, mu kuwa kuɗin adaidaita ɗaya ne. Na san rayuwa ta yi tsada, kuma akwai layi. Amma ciko ya fi cirewa sauƙi, cirewa ta fi kwanciya sauƙi. Maigida, yadda kake ware kuɗin maganin zazzaɓi, ware na duba baki ko sau ɗaya a shekara. Daren yau bayan isha, haska fitilar wayarka ka duba bakin yaranka ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tsaya gaban madubi ka duba naka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu. A tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila akwai mai kwana da kanumfari a baki yanzu haka.