Taswira ta ce akwai hanya, amma wace irin hanya?

Yau maganar taswirar cikin salula za mu yi. Da yawanmu mun saba buɗe ta mu ga layi ya tashi daga wannan gari zuwa wancan, ta ce mana minti arba'in. To minti arba'in a kan me? Kan kwalta, ko latarit, ko rairayi?

Akwai taswirar da ake kira OpenStreetMap, an fara ta a Ingila a 2004, kuma kowa na iya gyara ta kyauta. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps daga cikinta suke ɗauko bayani, haka ma ƙungiyoyin agaji da dama. Kowace hanya a cikinta tana da gurbin da ake rubuta irin ƙasarta. A hanyoyin ƙauyukanmu, sau da yawa gurbin nan wayam yake.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu zana hanyoyin, wasunsu suna Turai ko Amurka, hoton tauraron ɗan'adam suke kallo. Mun gode musu, sun yi aiki. Amma daga sama ba ka san ko taya za ta nutse ba. In an yi sa'a sai su rubuta "babu kwalta", shi ke nan. Mu kuwa mun san wannan kalma ba ta faɗi komai ba. Latarit da aka daddaɓe tana ɗaukar babbar mota shaƙe da albasar Galmi. Rairayin jigawa sai kat-kat ko amalanke, ɗan kabu-kabu ma sauka yake ya tura. Laka ta fadama kuma, da rani garau take kamar siminti, ruwa ɗaya na watan Agusta ya maida ta tarko. Ga kuma inda hanya ke ratsa kori ba gada: shi ma yana da alamarsa a taswirar, ba a cika sa ta ba.

Ku ɗauka direban ambilans ne baƙo a yankin, an kira shi CSI da dare ya ɗauko mai naƙuda. Salula ta nuna masa gajeriyar hanya, ya bi, ya kafe a yashi. Da an rubuta "rairayi", da ya zagaya ta latarit ya isa.

Ra'ayinmu shi ne aikin nan namu ne, ba na wani ba. Direbobin tasha, ƴan kabu-kabu, malaman makarantar ƙauye, su ne suka san hanya taku-taku. Akwai manhajar StreetComplete ta Android, tambaya take yi da hotuna: wannan hanyar da kake kai, wace iri ce? Ka taɓa hoton da ya dace, ka wuce.

Sai dai a faɗi abin da ke ƙasa yau. Kar kishin gari ya sa mutum ya rubuta kwalta don an yi alkawarin shimfiɗa ta. Hanyar Tahoua zuwa Arlit a takarda kwalta ce, wanda ya bi ta ya san akwai wuraren da sai dai a ce an taɓa yi. Irin waɗannan a yanka su gunduwa-gunduwa, kowane yanki da sunan ƙasarsa, kuma a sake dubawa bayan damina.