Sharhi: Kan Caja da Kukan Masu Saye

Sharhinmu na yau a kan kan caja ne, wannan ɗan dunƙulen da ake sokawa a soket a jona masa igiya, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da ya mutu.

Wanda duk ya ɗan zauna a shagon kayan waya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya san kukan da masu saye ke dawowa da shi. "Malam, tun isha'i na jona, har na yi barci ba ta kai rabi ba." Wani ya ce cajar ta ɗau zafi, hannu ba ya iya taɓa ta. Wata ta ce da zarar ta jona, sai allon wayar ya shiga danna kansa, ta taɓa nan ya buɗe can. Amsar mai shago kuwa ba ta sauyawa: "Wallahi Hajiya orijinal ce, batirinki ne ya gaji."

Mu fara da rashin cika da wuri, domin a nan ba kullum ne laifin mai shago ba. A jikin kowace caja akwai wani ɗan mitsitsin rubutu da sai an kai shi kusa da ido. A nemi inda aka rubuta Output. Idan an ga 5V da 1A, to ƙarfinta wat 5 ne kacal, irin wadda ta wadatar da wayoyin da. Wayoyin yanzu, irin su Tecno da Infinix da ke hannun jama'a, da yawansu batirinsu 5,000mAh ne, kuma wat 5 ba za ta cika wannan ba sai an shafe awa huɗu ko fiye. Kwamfutar hannu mai faɗin allo kuwa tana bukatar 2A zuwa 2.4A, wato wat 10 zuwa 12. Ka ba ta ƙaramar caja kana kallon bidiyo, caji zai riƙa raguwa alhali tana jone. Cajar ba jabu ba ce, an dai ɗora wa ɗan akuya kayan jaki ne. Sau da yawa ma kan cajar lafiyarsa ƙalau, igiyar ce siririyar waya a cikinta, wuta na ɓacewa a hanya. Kafin a yar da kan, a gwada shi da wata igiyar.

Inda abin ya zama ha'inci shi ne cajar da aka rubuta mata 2.4A, amma ko 1A ba ta bayarwa. Mutanenmu sun ƙirƙiro dabarar gane ta: a ɗora a tafin hannu a ji nauyi, mai nauyi ita ce ta gaske. Masu yin jabun sun riga mu gano wannan, har akwai waɗanda ke manna guntun ƙarfe a ciki. Tambarin kamfani da kwali mai ƙyalli kuma, buga su ya fi komai sauƙi.

Ni abin da ya fi damuna ba jinkirin caji ba ne. Wutar da ke soket ɗinmu bolt 230 ce, waya kuma bolt 5 take sha. Tsakanin waɗannan biyun, a cikin wannan ɗan dunƙulen, akwai ɗan taransifoma da tazara da abin kariya da ke hana babbar wuta tsallakowa zuwa hannunka. A nan daidai mai jabu yake rage kuɗi, domin wuri ne da ido ba ya gani. A 2016 kamfanin gwajin kayan lantarki na UL ya gwada jabun cajojin iPhone guda 400, uku ne kawai suka tsallake gwajin kariya. Kafin nan, a 2013, bayan mutuwar wata matashiya a China da wuta ta ja lokacin da take amfani da waya tana caji, Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba nasa ba yana sayar wa mutane tasa a dala 10. Allon nan da ke danna kansa, alama ce cewa wuta marar tsafta na shiga waya. Kada a ce aljanu ne, a cire cajar.

Sai a haɗa da halin da muke ciki. A ɗauke wuta, a dawo da ita da ƙarfi. A tayar da janareta yana sama yana ƙasa. Caja mai ƙafa biyu, soket mai rami uku, sai an sa tsinken ashana ko murfin biro an danne ramin sama kafin ta shiga, ta kuma tsaya tana lilo tana tartsatsi. Ga zafin Afrilu, ga waya da caja an tura ƙarƙashin filo an kwanta.

Kasuwar kan caja ta ƙara bunƙasa ne tun da Apple ya daina sa shi a kwalin waya a 2020, Samsung ya bi sahu da Galaxy S21 a 2021, ga kuma wayoyi na hannu da ke zuwa tsirara. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin irin waɗannan kaya kafin su shigo, amma wanda ya ga tiren cajojin da yara ke yawo da su a tasha ya san da sauran aiki a gabanta.

Kafin hukuma ta iso, mai saye yana da abin yi. Mutumin da ya zuba dubban nairori a waya bai kamata ya tsaya ciniki kan ɗari biyu a caja ba. A sa mai shago ya jona ta a gabanka, a bar ta minti goma, a taɓa a ji ɗuminta, a yi rubutu a allo tana caji. Wasu masu gyara suna da 'yar na'urar da ke nuna ainihin wutar da caja ke bayarwa, a roƙe su su auna. A kuma yi magana a fili kan kwana nawa za a iya dawo da ita. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan, a matsa shago na gaba.